Don Me A Ke Kafa Makarantun Katolika?

Abin karantawa: Luka 2:40-52, Yaƙub 2:1-9.

Da wuya a sami babban gari a ƙasarmu wanda ba shi da makarantar da mutane su ke kira makarantar Fada, ko makarantar Sista. Waɗansunmu a can suka yi karatu, waɗansu kuwa 'ya'yansu suna can yanzu. In ka tambayi uba dalilin da ya sa ya kai ɗansa wurin, galibi amsa biyu za ka ji: ana cin jarrabawa, ana kuma horon yara. Gaskiya ne. Amma mutanen da suka fara irin waɗannan makarantu ba domin wannan kaɗai suka sha wahala ba. A darasin wannan wata muna so mu bincika nufinsu. Za mu bi labarin mutum ɗaya wanda Ekklesiyar Katolika ta ɗauka abin koyi ga malaman makaranta, sa'an nan mu duba abin da ita Ekklesiyar ta rubuta daga baya, mu gwada shi da abin da mu ke gani a garuruwanmu.

Ɗan mai arziki da malamai matalauta

An haifi Yohanna Baptis de La Salle a birnin Reims na ƙasar Faransa a shekara ta 1651. Gidansu gidan arziki ne, ubansa alƙali ne. Tun bai cika shekara 16 ba aka ba shi kujera cikin majalisar babbar majami'ar birnin, watau matsayi mai daraja da albashi mai kauri. A 1678 aka naɗa shi firist. Ba wanda ya yi tsammani za a gan shi wata rana cikin ƙurar makarantar 'ya'yan talakawa, shi ma bai yi tsammani ba.

A 1679 wani mutum mai suna Adrien Nyel ya zo daga Rouen domin ya buɗe wa yara maza matalauta makaranta a Reims. La Salle ya taimake shi da shawara da neman izini, yana cewa a ransa ɗan taimako ne na kwana biyu. To, shi Nyel gwani ne wajen buɗe makaranta, amma ba mazauni ba ne. Da ya buɗe ɗaya sai ya wuce neman wata, ya bar malaman ba mai lura da su. Su kuwa malaman samari ne marasa zurfin karatu, ba su san yadda a ke riƙe aji ba, waɗansu ma neman abin sawa a baki kaɗai ya kawo su.

La Salle ya ga makarantun za su rushe in ba a gyara malaman ba. Ya fara kiransu cin abinci a gidansa. A 1681 ya kwaso su duka ya zaunar da su cikin gidan ubansa. Dangi suka husata ƙwarai, har suka ɗauke waɗansu daga cikin ƙannensa. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa da fari ya ɗauki malaman nan ba su kai ko baran gidansa ba, kuma da ya san inda hanyar za ta kai shi, da bai sa ƙafa ba. Mun ga ya kyautu mu ambaci wannan, domin kada mu zaci an haife shi da tawali'u. Koyonsa ya yi, da wuya kuwa.

Ga abin da ya juya rayuwarsa. Malaman suka fara tunanin tsufansu. Ba su da gona, ba su da sana'a, in makarantun sun mutu sai bara. La Salle ya yi ta yi musu wa'azi a kan dogara ga Allah mai ciyad da tsuntsaye. Sai suka amsa masa a fili, suka ce maganar tana da sauƙi a bakinsa, gama in aikin ya lalace shi yana da gādo da albashi, su ne za su kwana da yunwa. Wani babban mutum da ya ji haka da sai ya kore su saboda rashin kunya. La Salle ya auna maganar, ya ga gaskiyarsu. A 1683 ya sauka daga kujerarsa ta majami'a. Da aka yi yunwa a ƙasar wajen 1684, ya sayi abinci da dukiyarsa ya rarraba wa mayunwata har ta kusa ƙarewa. Daga ran nan in ya ce musu su dogara ga Allah, sun san ƙwarya ɗaya su ke ci da shi.

Haka aka kafa ƙungiyar da a ke kira 'Yan'uwa na Makarantun Kirista. Ba su yarda a ce da su iyayengiji ba, sai 'yan'uwa, watau 'yan'uwan juna, kuma yayyen yaran da su ke koya wa. Aka sa doka ba mai zama firist a cikinsu, domin kada hidimar majami'a ta raba hankalinsu da aji. Sai mu lura da wannan da kyau. A wurinsu koyarwa ba matakala ba ce da mutum ya ke takawa kafin ya sami aikin kirki. Ita ce aikin, ita ce kuma hanyarsu ta bauta wa Allah. Sa'ad da ƙungiyar ta kusa watsewa a 1691, La Salle da mutum biyu suka yi wa'adi ran 21 ga Nuwamba cewa ba za su bar aikin ba, ko da su uku kaɗai suka rage, ko da za su yi bara su rayu da gurasa kaɗai. Ɗaya daga cikin biyun ya bar su daga baya. Ɗayan, Gabriel Drolin, aka aike shi Roma a 1702, ya yi shekara 26 a can, yawancin lokacin shi kaɗai.

Yadda a ke yini a makarantarsu

In muna so mu san nufin makaranta, kada mu tsaya ga abin da aka rubuta a allon bakin ƙofa. Mu shiga aji mu ga abin da a ke yi. La Salle da 'yan'uwansa sun tattara ka'idodinsu cikin wani littafin jagora wanda aka buga a 1720, don haka mun san yadda su ke yi.

A zamanin nan al'ada ita ce a fara koya wa yaro karatu da Latin, harshen sujada, wanda ba ya ji. La Salle ya ce a fara da Faransanci, harshen da yaro ya ke ji a gida. Har wani bishop ya yi masa gardama a kan wannan. Hujjarsa kuwa mai sauƙi ce: ɗan talaka shekara biyu ko uku kaɗai zai yi kafin a cire shi a kai shi aiki. In an ɓata shekarun nan a kan Latin, zai fita bai iya karanta kome ba. In ya iya karanta harshensa, ya sami abin da zai amfane shi har mutuwa. Mu da muka ga iyayenmu suna karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa bayan ɗan karatun ajin yamma, ba mu bukatar a yi mana dogon bayani. Abin mamaki ne a yau a ga makarantar da a ke cin yaro ɗan shekara 6 tara domin ya yi magana da harshen uwarsa.

A dā malami ya kan kira yara ɗaya ɗaya su biya masa, sauran suna wasa. 'Yan'uwan suka rarraba yara aji aji bisa ga iyawarsu, ana koya musu tare, kowane wata kuma a gwada su a ga wanda ya isa a ciyad da shi gaba. Malami ba ya yawan magana, balle tsawa. Yana da wani ɗan katako mai ƙara wanda ya ke ƙyastawa in yana so a tsaya ko a sake. Ana koyon karatu, da rubutu, da lissafi, da ladabi, da katekisim kowace rana. Manyan yara kuwa a kan sa su kwafi rasit, da takardar bashi, da takardar yarjejeniya, irin waɗanda za su gamu da su a kasuwa, domin kada a cuce su. A Faris har an buɗe ajin ran Lahadi saboda samari masu sana'a, ana koya musu lissafi da zane.

Kowace sa'a a kan kaɗa ƙararrawa, kowa ya dakata kaɗan, yaro ɗaya ya tuna wa ajin cewa a gaban Allah su ke, sa'an nan a koma aiki. Watau ba a raba yini biyu ba, a ce wannan na Allah ne, wancan na lissafi. Mai yin lissafi a gaban Allah ya ke yi, saboda haka ba zai saci amsa ba, malami kuma ba zai rubuta masa ita a allo ran jarrabawa ba.

Akwai al'adu biyu da mu ke so mu daɗe a kansu. Ta fari, yara su kan zo da gurasarsu su karya kumallo a aji. Ana cikin ci sai yaro ɗaya ya zaga da kwando, wanda ya ke da ragowa ya saka, ba tilas, a ba waɗanda suka zo hannu wofi. A zama ɗaya an koya musu yin addu'a kafin ci, da ladabin cin abinci, da tunawa da maƙwabci. Ta biyu, a ƙarshen shekara kowane malami ya kan rubuta halin kowane yaro: mai kunya ne ko mai taurin kai, yadda iyayensa su ke riƙe da shi, abin da ya kan gyara shi, da abin da ya kan ƙara lalata shi. Sai ya miƙa wa malamin da zai karɓi ajin. Malamin da zai rubuta irin wannan takarda tilas ya san yaransa ɗaya ɗaya. In yaro ya daina zuwa, ba a share sunansa kawai. A kan aiki 'yan ajinsu su dubo shi, a kuma yi magana da iyayen, a nuna musu cewa ɗan abin da yaron zai samo yau bai kai abin da zai rasa ba in ya tashi bai iya karatu da rubutu ba.

Ba mu ce makarantun nan ba su da aibi ba. Akwai bulala a cikinsu kamar sauran makarantun zamanin, ko da ya ke an kewaye ta da dokoki: ba a dukan yaro cikin fushi, ba mari, ba shuri, ba zagi. Na yara maza ne kuma kaɗai. Karatun 'yan mata yana hannun ƙungiyoyin mata, irin ta Ursula wadda Anjela Merici ta kafa a Italiya a 1535.

Ƙarar da aka kai su

Babbar dokarsu ita ce ba a karɓar kome daga hannun yaro ko iyayensa, ko da kyauta ce. Da makarantun suka yi suna a Faris, sai masu hali ma suka fara kawo 'ya'yansu. Malaman da su ke koyarwa don kuɗi suka ga kasuwarsu tana mutuwa, suka kai ƙara. A 1704 aka ci 'Yan'uwan tara, aka kwashe kujeru da kayan rubutu daga makarantunsu. Abin da masu ƙara su ke so shi ne a tantance yara, kada a karɓi kowa sai wanda aka shaida matalauci ne. La Salle bai so wannan ba. In aka tsaya a ƙofa ana tambayar yaro talaucin ubansa, an kunyata shi tun bai zauna ba. In kuma ɗan mai kanti da ɗan lebura suna benci ɗaya, ba wanda ya biya, malami ba shi da dalilin fifita wani. Ku sake karanta Yaƙub sura 2 da wannan a zuciya.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Makarantar kyauta ba ita ce makarantar da ba a kashe mata kuɗi ba. Akwai mai biya: wani wuri majami'ar unguwa, wani wuri hukumar gari, wani wuri mai arziki ɗaya. Inda masu biyan suka yi sakaci, 'Yan'uwan ne suka kwana da yunwa. La Salle ya rasu a Rouen ran 7 ga Afrilu 1719, ran Jumma'a Mai Kyau, ya bar 'yan'uwa wajen 100. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya sanar cewa shi ne waliyyin malaman makaranta. Mutanen ƙungiyarsa sun iso Nijeriya, suna da makarantu a Ondo da Naka ta jihar Binuwai.

Abin da Ekklesiyar Katolika ta rubuta

Ran 28 ga Oktoba 1965 babban taron bishop-bishop na Vatican na biyu ya fitad da sanarwa a kan ilimin Kirista. Ga gindin maganarta a taƙaice. Kowane ɗan Adam yana da hakkin samun ilimi saboda darajarsa ta mutum, ba saboda kabila ko dukiya ba. Iyaye su ne malamai na fari, makaranta mataimakiyarsu ce, ba ta ɗauke musu kaya ba. Aikin makaranta shi ne ta reni mutum ɗungum, jikinsa da hankalinsa da halinsa da ruhunsa, daidai da fannoni huɗu da Luka ya nuna yaron nan Yesu ya yi girma a cikinsu. Sanarwar ta ce cin nasarar makaranta ya rataya kusan duka a wuyan malamai. Ta kuma roƙi masu bi su taimaki makarantun su kula musamman da iri uku: matalauta, da marasa gatan iyali, da waɗanda ba Kirista ba.

A 1977 ofishin ilimi na Roma ya ƙara bayani. Ya ce nufin shi ne a haɗa bangaskiya da ilimi, a kuma haɗa bangaskiya da zaman yau da kullum. Amma ya ja kunne kada a mai da darussa bayin wa'azi. Kimiyya tana da hanyarta, tarihi yana da tasa, sai a koyad da kowanne da gaskiya bisa ga ka'idarsa. Malamin lissafi wanda ya cika sa'arsa da waƙoƙin sujada, yara suka fita ba su iya rabawa ba, bai girmama Allah ba, ya ci amanar iyaye ne. Game da yaran da ba Katolika ba, ko ba Kirista ba, koyarwar Ekklesiyar ita ce a shaida bishara a fili, amma ba a tilasta wa lamirin kowa. Takardar 1977 ta kuma yarda da wani abu mai ɗaci: a waɗansu ƙasashe rashin taimakon gwamnati ya sa makarantun sun koma na 'ya'yan masu hali, wannan kuwa yana iya zama shaidar da ta saɓa wa bishara.

A ƙasarmu

Fada-fada na ƙungiyar SMA sun zauna a Shendam a 1907, daga irin wuraren nan kuwa makarantu suka bazu. An buɗe kwalejin St John a Kaduna a 1949. Sistoci na St Louis sun sauka Kano a 1948, suka kama karatun 'yan mata. 'Ya'yan manoma da yawa, Kirista da Musulmi, ta waɗannan ƙofofi suka zama malamai da likitoci da alƙalai. Cikin shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan. St John ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Daga baya waɗansu jihohi sun mayar, kamar Legas a 2001 da Anambra a 2011. A wurare da yawa kuma Ekklesiya ta gina sababbi.

To, a nan ne maganar ta zo kanmu. Makarantun dā sun yi araha domin Fada da Sista ba su cin albashi irin na ma'aikata, ana aiko da gudummawa daga Turai, gwamnati kuma tana ba da taimako don biyan malamai. Galibin wannan ya wuce. Yanzu kusan kome daga aljihun iyaye ya ke fitowa. Mai riƙon makaranta yana tsakanin wuta biyu. In ya rage kuɗin makaranta, malami ba zai sami abin da zai riƙe iyalinsa ba, gwanayen za su tafi, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya. In ya ƙara, ɗan katekis da ɗan mai sharar majami'a za su tsaya a bayan katanga, alhali iyayensu ne suka ɗauko yashi da duwatsu a ka lokacin gini. Mun san ikilisiyoyi inda haka ya faru, ba kuwa na Katolika kaɗai ba. Kowace ɗarika mai makaranta ta san ciwon nan.

A ganinmu ba daidai ba ne a ɗora wa shugaban makaranta laifin duka, mu kuwa mu naɗe hannu. Malaman Reims sun gaya wa La Salle gaskiya, cewa mai ƙoshi ba shi da bakin yi wa mayunwaci wa'azin haƙuri, shi kuwa ya amsa da dukiyarsa. In muna so malami ya ɗauki aikinsa kiran Allah ne, sai a biya shi a kan kari. In muna so maraya ya zauna a aji, sai wani ya biya masa, mu ne kuwa wanin. Jama'ar da ta iya tara kuɗin sabuwar hasumiya da na bikin cika shekara 50 ta iya ɗaukar nauyin yara 10. Tsofaffin 'yan makaranta waɗanda suka yi karatu kusan kyauta, suka zama manya, bashi yana kansu. In kuwa an ɗauki nauyin yaro, kada a kira sunansa a gaban taro, kada a tsai da shi a ɗauki hotonsa. Shugaba da ma'aji kaɗai sun isa su sani.

Ga aikin da mu ke ba masu bin darasin nan kafin wata mai zuwa. Mutum biyu ko uku daga cikinku su tafi wurin shugaban makarantar da ta fi kusa da ku, da ladabi, ba da neman faɗa ba. Ku roƙe shi ya gaya muku yara nawa suka daina zuwa bara saboda kuɗi, ko an bi sawunsu har gida, da kuma ranar da aka biya malamai albashin watan jiya. Ku rubuta amsar, ku kawo ta taron dattawa da na zumuntar mata.